Bakar da Baba Ya Mayar Cikin Layi

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni ke riƙe da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Ƙaura. Na cika wa shugabanmu baki cewa zan rubuta umarnin da zai riƙa kwashe sakamakon ɗalibai zuwa faifai da kansa. Ya ce in bai gani ba ran Alhamis, in miƙa makulli in koma aji. Ina son ɗakin nan, ba zan ɓoye ba.

Awa ɗaya ake tayar mana da janareta, don haka a takarda na rubuta. Na tara umarni biyar a gungu guda, na raɗa masa suna, na buɗe da baka, wato lanƙwasasshiyar alamar nan ta rubutu, na rufe da baka a layinta ita kaɗai. Na kai wa mai buga mana takardu, wani dattijon Zurmi da muke kira Baba, ya buga a kwamfutar ofis.

Ran Laraba na gwada, na'ura ta ce atafau, gungun bai rufu ba. Na san aikina, ban ko yi gumi ba. Ina buɗewa na ga ɓarnar: Baba ya buga shi kamar wasiƙar gwamnati. Ya haɗe gajerun layuka, ya sa babban baƙi a farkon kowanne, bakar rufewa kuma ya jawo ta ya manna a ƙarshen layin sama.

Na same shi raina a ɓace.

"Mi ab ɓaci?" in ji shi. "Na ishe ta ita ɗai a ƙasa, ni maishe ta cikin 'yan'uwanta. Shekara talatin ba a taɓa maido man takarda ba."

Sai na tuna halin da yake ciki. Ana ta raɗe-raɗin za a sallami masu tafireta.

Na jawo masa kujera gaban na'urar. Ina faɗa yana bugawa, har baka ta koma layinta. Gungun ya tashi sumul.

Ran Alhamis shugaba ya gani, ya bar min makulli, ya tambayi wa ya buga aikin tsaf haka. Na nuna Baba. Baba ya gyara hularsa.