Kawu da Talibambansa

Ni kaɗai na lura Kawu ya daina ɗaura agogo, shi da ya shekara talatin yana gyara na mutane. Yanzu lokacinsa na hannun wani talibamban, kifin da bai kai kan ɗan yatsa ba, a akwatin gilashi a falo.

Mai girma kifin ba ya cin abincin kanti, sai dodon koɗi mai rai, don haka Kawu ke kiwonsu a robar wankin matarsa. Da aka sayo masa abokan zama biyu, kafin azahar ya gutsure musu wutsiya. Kawu ya ce su suka tsokane shi.

Sai ga waya, 'yarsa ta haihu a wani gari.

"In mun tafi, wa zai ba kifin abinci?" in ji Kawu.

Matarsa ta nuna ni. "Ga 'yar jami'a nan. Ko digirin bai kai ba?"

Ya yi mini tambaya uku kan kifin, na kasa amsa biyu. Matar ta ɗauki jakarta, ta tafi ganin jika ita kaɗai. Shi kuwa ya naɗe hannun riga, ya canja wa kifin ruwa.