Kayen Hashimu Ya Buɗu

Ɗan Talata, mai tura bidiyo a salula a bakin tashar Gure, tsohon ɗan kokawa ne. Hashimu ya taɓa kayar da shi gaban surukansa, tun ranar Hashimu yake kiransa "Sha-ƙasa".

Bana aka kayar da Hashimu a Gidigir. An ɗauki bidiyo, amma salula ba ta buɗe shi: ihu kawai, ba hoto. Hashimu ya rantse ƙarya ce.

Ɗan Talata ya gwada da manhajar kallon bidiyo ta VLC, sai ga ƙafafun Hashimu a sama. Yanzu ko wa'azi ka zo nema, sai ya saka maka VLC da kayen, kyauta.

Jiya Hashimu zai wuce, kai a sunkuye, Ɗan Talata ya ce, "Takwara Sha-ƙasa! Kawo salularka mana."