Tayoyin Dama da na Hagu

A shekarun da motocin Beljiyam, wato na hannu, suka fara cika Kaduna, ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati a Doka, na sayi motar da ta fi ƙarfina. Ja ce, ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar faranti, in na taka ta sai an jiyo ni daga tashar Kawo. Mahaifiyata ta dube ta sau ɗaya ta tambaye ni inda za a sa buhun masara. Tayoyin da ta zo da su kuwa sun suɗe sumul, dole a canza.

Mai sayar da tayoyi ya jero mini iri biyu. Ɗaya ta lokacin zafi ce, in ji shi, tana manne wa kwalta, don gudu aka yi ta. Ɗayar ta kowane yanayi ce, zanenta ya fi yawa, ta fi jure wahala. Ni ban san komai a kai ba, sai na shiga neman shawara, a nan kuwa na jawo wa kaina.

Maigidana a ofis, wanda ya yi karatu a Turai kuma shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmana, ya ce ta zafi, babu wata magana. Sa wa irin wannan mota wata taya daban, in ji shi, wulaƙanta ta ne. Na ce to, ranka ya daɗe.

A lokacin ina neman aure a Hayin Banki. Mahaifin yarinyar tsohon direban gwamnati ne, bai taɓa ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa, ni ma ba na iya haɗa ido da shi. Amma motar ta sa ya kasa daurewa. Wata rana ya taso daga tabarmarsa ya ɗan shuri tayar gaba.

"Yaro, layinmu ba kwalta, ga damina tafe. Ka sa mata ta kowane yanayi."

Na durƙusa na ce to, Baba.

Yanzu na ce to sau biyu, kuma a tarbiyyar gidanmu ba a watsa wa babba ƙasa a ido. Kwana uku ina juya abin, har dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Na sayi biyu-biyu. Na zafi a dama, na kowane yanayi a hagu. Mai facin da ya ɗaura su ya ce, "Oga, ko haɗawa za a yi, ai gaba da baya ake yi." Na ce ya yi aikinsa kawai.

A ofis ina ajiye motar gefen dama na kallon tagar maigida. A Hayin Banki kuma sai in zagaya ta wani lungu mai kwata don gefen hagu ya fuskanci zaure. Kowa ya ga tasa, kowa ya yaba hankalina. Motar dai tana ɗan fizga in na taka birki, na ce halinta ne.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, bayan la'asar, na shigo layinsu da ɗan gudu saboda na hango yarinyar a bakin ƙofa. Na taka birki a kan laka. Motar ta sulale, ta juya a hankali cikin natsuwa, ta tsaya tana kallon inda ta fito, gefen dama daidai ƙofar zaure. Baba na zaune a ciki.

Ya fito da lema, ya zagaya motar sau biyu. Ni ina tsaye a ruwa.

"Waɗannan shawarar wa?"

"Maigidana a ofis, Baba."

"Waɗancan kuma tawa. Gobe in mahaifiyarka ta ce gabas, 'yata ta ce yamma, yaya za ka yi? Je ka, kada ka dawo sai ƙafafun motar nan huɗu sun zama iri ɗaya."

Ban taɓa jin tsoro irin na makon nan ba, don ina son yarinyar nan sosai, kuma na ga aurena na neman suɓucewa a kan roba. Abokaina duk suka ce in sa ta Baba in huta. Na je wurin mai tayoyi da niyyar haka, amma da na tsaya a gabansu sai na ga a karo na farko na san wadda nake so. Don gudu na sayi motar nan, ba don layin kowa ba.

Na dawo ta babbar hanya, ban zagaya ba. Na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, na zafi na sa. Su nake so."

Ya tashi ya duba su ɗaya bayan ɗaya, har da shafa zanen da yatsa, sannan ya kaɗe hannu.

"Zaɓin banza ne," ya ce. "Ka turo magabatanka ranar Juma'a."