Ajiyar Sati Biyu

Ina 'yar shekara goma sha biyu wani babur ya tare a ɗakinmu a Nima, wata unguwa a Akra, kuma bai fita ba sai da na haifi 'ya'ya uku. Ba namu ba ne. Wannan ita ce magana ta farko da ake koya wa kowane yaro a gidanmu, tun kafin a koya masa alwala.

Babana gadi yake yi a wani masaukin baƙi. Wata rana wani Bature ya iso can yana tura ƙaton babur, irin wanda ake ƙetare hamada da shi, tankinsa kamar randa, an rataya masa akwatunan ƙarfe hagu da dama. Ta Nijar ya biyo, injin ya daure har Akra sannan ya mutu. Da aka buɗe cikinsa sai aka tarar da wani zagayayyen ƙarfe mai haƙora, wanda makanikai ke ce wa giya, haƙoransa uku sun karye. Baturen ya cusa ƙarfen cikin safa, ya miƙa wa Baba tare da makulli da takardar adireshinsa, ya ɗaga yatsu biyu. Wai sati biyu, zai je ƙasarsu ya sayo sabo ya dawo.

Baba ya ce, "Na karɓa."

Kalma biyu ke nan, amma mu ne muka yi shekara goma sha bakwai muna ɗauke da su. Masaukin ya rufe kafin shekara ta zagayo, Baba ya turo babur har gida. A lokacin lungunmu amalanke ma yana shiga. Takardar adireshin kuwa Mma, mahaifiyarmu, ta wanke ta a aljihun rigarsa. Ya tattara dagwalgwalon ya shanya, ya adana a gwangwanin madara, ko Allah zai kawo mai iya karantawa.

Mu bakwai ne a ɗaki da falo, amma babur shi ya samu gefen taga. Ba a rataya masa zane, ba a jingina da shi. Duk Juma'a in Baba ya sauko daga masallaci sai ya goge shi da tsumma, ya taka ƙafar tayarwa sau uku don kada injin ya ƙame. Shekarar da babbar kwata ta cika ruwa ya shigo mana, babur aka ɗora a kan gado, mu muka tsaya cikin ruwa zuwa gwiwa muna riƙe da shi.

Zamanin ya zo da ƙarancin komai, ko ƙusa sai an sha wuya. Mai injin niƙa ya zo neman injin, wanzami ya zo neman madubi, ladan ma ya zo a kunyace yana tambayar batir saboda lasifikar masallaci. Amsar Baba ɗaya ce ga kowa: "Ku tambayi mai shi."

Sai wata rana ya zo da wani tunani da har yau in na tuna nakan riƙe baki. Ya ce ya gano dalilin da ya hana Baturen dawowa. Bai samu ƙarfen ba ne, kunya ta hana shi zuwa hannu wofi. Saboda haka mu ya kamata mu nemo, mu fitar da bawan Allah daga kunya. A lokacin na fara fatauci, ina sarin atamfa da sabulu daga Lome. Ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, ya ce, "Uwata, ke ce mai yawo." Ya damƙa mini safar.

Shekara tara tana cikin jakata. Na fara da Abosokai, kasuwar kayan gyara, na bi rumfa rumfa. Wani fita, wato makanike, ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Ei, Hajiya, wannan moto ya tsufa pass kakana. Wanda ya yi shi ma ya mutu, chale, ka je gida ka huta." A iyakar Aflawo sojoji suka zazzage jakata, suka ga safar namiji ɗaya tilo da ƙarfe mai haƙora a ciki, suka zaunar da ni a benci wai kayan bindiga ne. Na ba su labari tun daga yatsu biyu. Babbansu ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce in tafi, wai babu ɗan tawayen da zai iya ƙirƙiro ƙarya mai rashin kan gado irin wannan.

A Legas na samu wani mai kama da shi sak, na dawo ina taƙama. Baba ya ɗauko carbi, yana taɓa haƙori yana jan ƙwaya. Ya kai ƙarshe ya sake daga farko, sannan ya ce haƙori ɗaya ya yi yawa. Ranar na shiga banɗaki na yi kuka don haushi. Ko mijina, lokacin da yake nemana, sai da aka aike shi Tema da safar nan kafin a saurari maganarsa.

Tun farko akwai wani tsoho a Magazin ta Kumasi, unguwar maƙera da makanikai, da ya gaya mini gaskiya. Ya ce irin wannan ba a sayensa, yanka shi ake yi, in ba shi kwana huɗu. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai sa jabu a cikin kayan amana ba.

Ana cikin haka lungunmu yana ta tsukewa, ba wanda ya kula. Wannan ya ciyo taƙi ɗaya ya yi kicin, wancan ya ja banɗaki, wani ya kafa kes na sayar da sukari, wani garken awaki. Har ta kai mai jiki sai ya bi a gicciye. In aka yi rasuwa makara ba ta shiga, sai a ajiye ta a bakin titi, a naɗo mamaci a tabarma, a karkata shi a kwana, wani wurin a miƙa shi ta saman katanga. Abin yana ci wa Baba rai. Duk ranar da ya dawo daga jana'iza sai ya ce, mutum ya gama rayuwarsa a miƙe, a fitar da shi a karkace.

Da ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, sai ya aika a kira malamin unguwa. A gabana ya tambaye shi, in ya mutu da kayan mutum a lalace a hannunsa, me zai ce? Malam ya ce a sa na Kumasi, amma a adana karyayyen, in mai shi ya zo a gaya masa gaskiya. Washegari na hau motar Kumasi.

A tsakar ɗaki fita ya haɗa injin, Baba na kwance yana kallon hannunsa kamar mai gadin da bai yi ritaya ba. A taku na shida abin ya kama. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, hayaƙi ya turnuƙe, kajin Mma suka haura katanga, maƙwabta suka fito da bokitai suna salati. Baba yana tari yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Da aka kashe ya ce, "To, a fitar da shi bakin titi. In mai shi ya zo kada ya sha wahalar nema."

Nan ne muka tura shi ƙofar gida, ƙahonsa ya daki bango hagu da dama. Fita ya ce abu mai sauƙi, a kwance shi gunduwa gunduwa a haɗa a waje. Baba ya ce a'a, da ƙafarsa ya shigo, da ƙafarsa zai fita.

Ranar na yi masa abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya. Na ce Baturen nan ko ya mutu ko ya manta, mu kaɗai ne mahaukatan da suka rage. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Uwata, shi ya ce sati biyu. Ni ban faɗi ranar da zan daina ba."

Ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa ƙofar mai sayar da dokunu, tuwon masarar Gana, matar da kicin ɗinta ya fi cin hanya. Bai roƙe ta ba. Ya ce, "Amana zan mayar, bangonki ya tare ni," ya yi zamansa cikin rana. Ta fito tana kumfar baki. "Baba, wannan kicin shi ne ya ke ba yara na abinci! Saboda moto na obroni?" Ya ci gaba da jan carbi. Kafin la'asar ita da kanta ta ɗauko taɓarya ta fara dukan bulo, tana duka tana zagin Baturen da Gaananci, yaren 'yan asalin Akra. Mai banɗaki ya ga haka ya ji kunya, mai kes ya ja kes ɗinsa baya, aka kwance awaki. Kwana uku ana rushe-rushe, kowa na cewa tsohon ya zare, kowa kuma da gudumarsa.

Ranar Juma'a aka tura babur ya fita a tsaye, madubinsa bai taɓa komai ba. Aka kafa shi a rumfar wanzami, Baba ya ce a juya fuskarsa arewa, ta inda ya fito. Ya sa karyayyen ƙarfen da makullin a safa, ya ba ni.

Bayan kwana tara ya rasu, da hantsi. Mu mata ba ma raka gawa, a ƙofar ɗaki na tsaya. Sai na ga makara ta shigo lungu, ta zo har bakin ƙofarmu, abin da yaran unguwar ba su taɓa gani ba. Mutum huɗu suka saɓa shi a kafaɗa suka miƙe da shi, ba karkatawa, ba miƙawa ta katanga. Rabon da in hango titi daga ƙofar nan tun ina yarinya. Na bi shi da ido har suka wuce rumfar wanzami, safar tana cikin hannuna, ina jin kunyar muryar da na ɗaga masa.