Allurar da Malam Bawa ya hana ni

Da safen nan labari ya iske ni: Malam Bawa difensa, mai ba da magani, ya rasu. Kunun da ke hannuna ban ƙarasa shi ba.

Ban yi boko ba. 'Yata ce ke buga wannan, na kuma ce kada ta gyara mani ko kalma ɗaya.

Shekara sittin da wani abu ina jin haushin mutumin nan, duk Zuru an sani.

Kafin 'yancin kai ne, ina golmo a gonar surukina, noman da muke yi kafin a ba mu mata. Kububuwa ta sare ni a ƙafa. Aka ɗauko ni a kan ƙyaure zuwa ɗakin shan magani ina ta ihu, surukina na biye. Muka tarar an kawo wani Bafulatani daga hanyar Mahuta, shi ma maciji ne ya sare shi. Allurar maciji kuwa ɗaya ta rage, mota ba za ta kawo wata ba sai bayan sati.

Na ce ai ni ɗan gari ne. Malam Bawa bai ko kalle ni ba. Ya ɗebi jinina ya zuba a 'yar kwalba, ya zuba na Bafulatanin a wata, ya ajiye agogonsa a tsakani. Da lokaci ya cika ya karkata su. Nawa ya daskare. Na mutumin yana zuba kamar ruwa.

Ya ce, "Kai ƙafa ce kawai za ta kumbura. Wannan in an bar shi, jini zai ƙare masa."

A gabana ya yi masa allurar.

Ni kuwa ya kwance igiyar da aka ɗaure mani, ya wanke garin maganin da babana ya shafa, ya ba ni gado. Kwana biyu yana sake duba jinina, matarsa na aiko mani da tuwo.

Na ci tuwon, na zage shi. Na ce ya sayar da ni a kan ƙwaryar nono. Abokan golmo kuma suka sa ni a waƙa, wai maciji ma ya raina ni.

Ashe littafi gare shi. Duk wanda aka kawo sai ya rubuta: jini ya daskare ko bai daskare ba, an yi allura ko ba a yi ba, ya tashi ko bai tashi ba. Abin da ya gani a ciki yake bi, ba fuskar mutum ba.

Ni da Bafulatanin da ƙafafunmu muka fita.

Bara na gamu da shi a wajen wani suna, yana dogara sanda. Na ce, "Malam, har yanzu ina bin ka allura."

Ya yi dariya har da tari. "Kawo jinin mu gani tukuna."

Na so in ce masa ya yi daidai, taurin kai ya hana. To yau na faɗa, kowa ya ji: ya yi daidai. Masu waƙar ne dai ban yafe wa ba.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya sa ya huta. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Jikokin Bafulatanin nan, in kuna gani, ku za ku fara yi masa addu'ar.