Hular Dachung

Lokacin da Alhaji Abdul-Ganiyu ya rasu, matarsa Adizatu ta shiga takaba a ɗan gidansu na unguwar Glenwood a Amurka, ba ɗa ba jika a kusa. Ranar da motar shara ke zuwa, sai ta ji ana jan kwandonta a kan siminti. Ta ɗaga labule, ta ga maƙwabcinta Dachung ne yake kai shi bakin titi. Bai ƙwanƙwasa ba, bai tsaya jiran godiya ba. Haka ya riƙa yi har ta fita daga takaba. Da ta yi masa maganar daga baya, cewa ya yi, "Mama, a Bukuru na tashi cikin Hausawa. Na san mai takaba ba ta yawon waje."

Dachung Birom ne, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, ya haura hamsin bai yi aure ba. Lodin kwalaye yake yi a wani sito da ke Wendover. Gyaran takalma ce sana'ar ubansa a gida, kuma hannunsa bai manta ba.

Ran Asabar sai wasu mutane su cika masa tsakar gida, maza da mata, kowa cikin baƙaƙen kayan fata tun daga riga har takalmi, wasu da sarƙa, wasu da abin wuya mai ɗan kwaɗo. Su ɗura abinci a kwalaye, su loda a motoci. Adizatu ta daɗe tana kallo kafin ta tambaye shi.

Bai yi mata ƙarya ba. "Ƙungiyarmu ce, Mama. Muna da sha'aninmu na manya da ba zan zauna in ba ki labarinsa ba. Addininki bai yarda da shi ba, cocinmu ma haka. Abincin kuwa na tsofaffi ne da marasa lafiya."

Ta yi a'uzubillahi, ta ɗauke masa gaisuwa na ɗan lokaci. Amma idonta bai daina gani ba. Ta ga shi yana kai wani tsohon Bature wankin ƙoda, yana tallafe shi a matakala kamar uba. Ta ga shi yana wanke zannuwan gadon wani da danginsa suka guje shi. Ta ji cewa a tarukansu yakan kafa kujera ya goge takalman jama'a, abin da aka ba shi duka ya tafi wajen sayen abincin nan. "Na tsallako teku don in zama shushaina," in ji shi yana dariya. Ba ta sake ra'ayi kan abin da bai gaya mata ba, har yau tana roƙa masa shiriya. Sai dai tukunyar waakye ɗinta, wato shinkafa da wake, ta shiga cikin kwalayen Asabar.

A al'adarsu akwai wata hular fata da ba a saye. Manyansu ne ke ɗora wa mutum ita bayan ya shekara da shekaru yana yi wa jama'a hidima. Sun yanke shawarar ɗora wa Dachung, aka sa rana. Kafin ranar ta zo ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Rabin jikinsa ya shanye, baki ya ɗauke, likitoci suka ce a kira 'yan'uwa.

Ƙanwarsa Liyatu ta zo daga Summerfield. Da ta buɗe sif ɗinsa don ɗaukar masa kaya, ta ga kayan fatarsa na ƙungiya, sai ta gaya wa asibiti cewa ban da ita da Adizatu kada a bar kowa ya shiga.

Shugabar ƙungiyar sunanta Wanda, baƙar Ba'amurkiya ce mai tuƙa bas ɗin gari. Ta zo ƙofar Adizatu da hular a akwati, idanunta sun kumbura.

"Ba ni," in ji Adizatu da ɗan Turancinta. "In sa ta ƙarƙashin kular abinci, wa zai bincike tsohuwa?"

Wanda ta girgiza kai. "Ba a aika ta, Mama. Sai hannun ɗayanmu ya ɗora masa ita, shi yana kallonmu. In ba haka ba, hula ce kawai."

"Mutumin na mutuwa, kina yi mini maganar doka!"

"Shi ne zai fara ƙin karɓa."

Adizatu ta san gaskiya ne. Ta yafa mayafinta, ta ce su tafi.

Suka tarar da Liyatu a bakin ɗakin. Tana hango baƙaƙen kayan fatar nan ta miƙe.

"Mama, ke? Ke mai salla biyar kika kwaso mini waɗannan?"

"Ni ce."

"Kin san ko su wane ne? 'Yan cocinmu na hanya. Kafin yamma magana ta kai Jos. Tsohuwarmu na da hawan jini, so kike ta bi shi?"

"Ban zo wanke su ba, 'yata, Allah ne mai hisabi. Amma ɗan'uwanki ya zauna a bakin gadon mutane da yawa. Ki duba nasa."

Liyatu ta kau da kai. Daga ciki ana jin numfashinsa yana sarƙewa. Adizatu ta dafa bango, ta sauke gwiwoyinta masu ciwo har ƙasa, ta kama ƙafar Liyatu.

"Yesu! Mama, tashi! Kin haife ni fa!"

"Ba zan tashi ba."

Nas-nas suka tsaya suna kallo. Liyatu ta fashe da kuka, tana jan ta tana kasa ɗaga ta. Can ta ce, "Mutum biyu. Ba hoto. Su fita kafin Fasto ya iso."

Wanda ta shiga da tsohon nan mai wankin ƙoda, yana dogara sanda. Ta ambaci sunayen waɗanda Dachung ya yi jinya, rayayyu da matattu. Sannan ta ɗaga kansa a hankali ta ɗora masa hular. Ta yi masa yawa, don ya rame. Ido ɗaya ya buɗe. Hannunsa mai motsi ya lalubo bakin hular, ya riƙe, bai saki ba.

Da suka fita, Liyatu ta zauna kusa da Adizatu, ta ce, "Me ya kai ki, Mama? Ba danginki ba, ba addininki ba."

Adizatu ta murza gwiwarta. Sannan ta ce wata rana Dachung ya dawo daga jana'izar wani nasu da dangi suka hana su shiga, ya tsaya a bakin shingenta da takalmansa a hannu.

"Ya ce mini, 'Mama, ban ce ki so abin da muke yi ba. Amma in na faɗi, don Allah kada ki bari a kore su daga bakin gadona.'"