Kwano Na Biyu a Teburin Mai Niƙa

Duk wanda ya yi makarantar zane a garin Kremnica ya san Malama Jarmila, kuma in ka tambaye shi, abin da zai fara tunawa shi ne ƙwace fensir. Ranar farko a ajinta takan zagaya da wani tsohon gwangwanin biskit, kowa ya jefa nasa a ciki. Sai ta zauna ta karanta musu labari sau uku, a hankali, har masu hamma su gaji da hammar. Bayan nan ne take mayar wa kowa fensirinsa.

"To, ku zana min abin da marubucin bai faɗa ba," haka take cewa. "In ya ce tsohuwa ta yi kuka, kada wanda ya kuskura ya kawo min hawaye. Ai ya riga ya faɗa! Ku nemo min abin da hannunta yake yi."

In ɗalibi ya kawo hawayen duk da haka, takan ɗaga takardar ta nuna wa aji. "Sannu da wahala, ɗana. Ka maimaita mana karatu da fensir." Masifa kam akwai ta, amma ita ce kuma mai raba musu burodinta in ta ga wani bai karya ba.

Mahaifinta mai jera haruffa ne a wata maɗaba'a. Yakan kawo gida takardun da suka lalace wajen bugu, ita kuma ta cike gefensu da zane. A haka ta tashi, tana ganin zane da rubutu a shafi ɗaya kamar maƙwabta masu katanga guda. Tana da shekara ashirin da shida aka ba ta labaran wani marubuci mai suna Imrich ta yi musu hotuna. Da ya ga aikin, sai ya hau jirgin ƙasa takanas ya zo yi mata faɗa, wai ta sa wa jarumin labarinsa hular da bai rubuta ba. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure, hular kuma tana nan a littafin.

Shekara arba'in da ɗaya suna wannan gardama a kan tebur, miyar kabeji tana hucewa a gabansu.

"Jarka, magana ce gaba," in ji shi. "Zanenki ɗan rakiya ne."

"Ɗan rakiyar da yara suke fara dubawa, Imro? Sha miyarka, don Allah."

Wata rana da kaka, yana tsinkar 'ya'yan itace a bayan gida, ya yanke jiki ya faɗi. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun dama ya shanye, magana sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar, karatu kuwa ya tafi gaba ɗaya. Yakan ɗauki littafin da ya rubuta da kansa, ya ƙura wa shafi ido, sannan ya rufe ya juya fuska bango. Abinci ma ya fara ture shi. Ta gwada karanta masa, amma kafin ta kai ƙarshen jimla farkonta ya kuɓuce masa, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Tsoro ya kama Jarmila sosai, don ta ga mutumin nan yana shirin sakin duniya tana kallo.

Sai ta yi abin da ta shekara talatin tana hana yaran mutane. Ta ɗauko labarinsa da ya fi so, na wani tsoho mai injin niƙa da matarsa ta rasu, ta shiga zana shi jimla bayan jimla, ba ta tsallake komai ba. In ya rubuta an buɗe ƙofa, ga ƙofa a buɗe. In ya ce tsoho ya yi kuka, ga hawaye nan zara-zara. Wallahi kunya ta ishe ta. Takan yi aikin da safe a kicin, ta ɓoye shi a ƙasan jaka kada wani ɗalibi ya gani ya yi mata dariya. Mako uku ta yi, ta cika takarda talatin da huɗu.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta ajiye su a gabansa.

"Ga shi nan, malam marubuci. Yau ɗan rakiya ne zai ja ka."

Ya dubi ta farko ya daɗe. Ya ture ta gefe da hannun hagu, ya dubi ta biyu. Jarmila ta tsaya bakin murhu tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Tana jin ƙarar takardu ɗaya bayan ɗaya, kuma bai tsaya ba. Ashe yana bi.

A ta goma sha tara ya tsaya. Hoton mai niƙa ne zaune a tebur, kwano ɗaya a gabansa. Imrich ya buga tebur da tafin hannu.

"A'a," ya ce.

"Mene ne a'a? Kai ka rubuta cewa shi kaɗai yake cin abinci. In ɗauko littafin ka gani?"

"A'a!"

Ya miƙa hannu wajen fensirin da ke maƙale a kunnenta. Ta ba shi. Mutumin da bai taɓa zana ko kaza ba a rayuwarsa ya dafe takardar da gwiwar hannu, ya shiga jan layi da hagu, yana huci kamar mai faskare. Abin da ya fito wani karkataccen da'ira ne, a ɗaya gefen teburin, daidai gaban kujerar da ba kowa.

Jarmila ta sunkuya ta duba. "Kwano ne wannan?"

Ya gyaɗa kai.

"Na wa?"

Bakinsa ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Nata."

Sai ta gane. Tsohon yana zuba wa matarsa abinci kullum, ko da ta mutu. Imrich ya san haka tun ranar da ya rubuta labarin, bai sa a rubutu ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ita da ta yi wa labarin hotuna har bugu uku, ba ta taɓa hango shi ba. Ta ja kujera ta zauna, hawaye suna zuba ba ta ko share su.

"Kai, Imro, amma kai mugu ne," ta ce. "Shekara talatin kana zaune da kwanon nan a cikinka?"

Ɓarin fuskarsa mai motsi ya yi murmushi. Ya ja takarda ta ashirin gabansa, fensirin yana hannunsa bai mayar mata ba.